Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato kan masu shan maganin ƙwaƙwalwa na dogon lokaci

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Sakkwato, da shugabannin Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta jiha.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, mu da muka rubuto wannan wasiƙa ma'aikatan lafiya ne, cikinmu akwai nas-nas da masu ba da magani da likitoci, abin da ya haɗa mu kuwa shi ne kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa. Magana ɗaya ce ta kawo mu. Idan aka sallamo majiyyaci daga asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya dawo hayyacinsa, yakan koma gida da maganin da zai sha shekara ɗaya ko biyu, wani ma iya rayuwarsa. Da yawa cikinsu suna ajiye maganin kafin lokaci, kuma babban dalili shi ne wahalar da maganin kansa ke jawowa, wadda ba a yi musu bayaninta ba, babu kuma mai duba ta a kusa da gida. Galibin wannan wahala ana iya gano ta da ido, da sikeli, da na'urar awon jini, a ƙaramin asibitin gunduma. Za mu rubuta sunayen magungunan yadda suke a jikin kwali, don ma'aikaci da mai jinya su gane su.

Bari mu fara da abin da ya fi firgita mutanen gida. Saurayi ne aka ɗora kan haloperidol, maganin taɓin hankali, ko aka yi masa allurar fluphenazine ta wata-wata wadda aka fi sani da Modecate. Kwana biyu ko uku, yana zaune bayan la'asar, sai wuyansa ya karkace gefe guda, idanu suka kafe sama, harshe ya kumbura ya leƙo waje, muƙamuƙi ya ƙulle. Yana jin duk abin da ake faɗa, amma ba ya iya amsawa. Uwarsa ta ɗora hannu a ka ta ce mutanen ɓoye sun taso, a kira mai ruƙiyya, kawunsa kuma ya kwashe ƙwayoyin ya watsa a masai. Alhali murɗewar tsoka ce da maganin ke haddasawa, ta fi kama samari, kuma kusan kullum cikin kwana biyar na farko take zuwa, ko bayan an ƙara yawan magani. Idan yana iya haɗiya, ƙwayar benzhexol na kwance ta. Idan ba ya iyawa, allurar promethazine miligiram 25 zuwa 50 a tsoka kan sake shi cikin kamar rabin awa. In ta taɓa maƙogwaro har numfashi ya fara ƙara, wannan na gaggawa ne, sai babban asibiti. Abin da ya sa ake fara Modecate da gwajin miligiram 12.5 ke nan, tsoho kuma rabin haka, domin allurar da ta shiga jiki ba ta fitowa sai ta yi makonninta. Da an zaunar da uwar nan minti biyar ranar sallama an ce mata, "Inna, in kin ga haka kar ki tsorata, ga abin da ke kawo shi, ga inda za ki kai shi," da maganin bai tafi masai ba.

Akwai wata illar da ta fi wannan ɓoyuwa, ita ce ma muka fi jin tsoro. Mutum ya kasa zama wuri ɗaya. Ya zauna kan tabarma ya miƙe, ya je zaure ya dawo, yana tsaye yana sauya ƙafa kamar mai taka rairayin rana, a sahu ma ba ya iya natsuwa. In ka tambaye shi sai ya ce ƙafafunsa ne ba sa barin sa, ko ya ce kamar ya fita daga fatarsa. Mutanen gida suna gani sai su ce ciwon ya dawo. Ma'aikacin da bai san ta ba shi ma ya yarda, ya ƙara magani, abin ya ninka. Wannan ƙuncin ya isa ya kai mutum ga tunanin halaka kansa. Tambaya ɗaya ke raba gardama: shin a ransa yake jin tsoro ko ana yi masa magana, ko kuwa jikinsa ne ke tilasta masa motsi? In jiki ne, rage maganin ake yi ko a sauya shi, likita kuma kan ƙara propranolol, a fara da miligiram 10 sau biyu ko uku a rana, ban da mai asma. Benzhexol ba ya yin wani abin kirki a nan.

Shi benzhexol ɗin, wanda ake kira Artane, 'yan shaye-shaye kuma suka sani da Exol, yana buƙatar a tsaya a kansa. Yana da amfani ga mai karkarwar hannu, da sandarewar jiki, da dalalar miyau, da jan ƙafa, waɗanda kan bayyana cikin makonnin farko. Amma al'adar nan ta haɗa shi da kowace takardar magani a bar shi shekara da shekaru ba a duba ba, tana da ɓarna. Yana busar da baki, yana taurara bayan gida, yana riƙe fitsarin dattijo, yana rikita tsoho, yana kuma rage gumi. A gida mai samari, ƙwayar kan yi ƙafa kafin wata ya ƙare. Daidai shi ne a ba da shi idan alamar ta bayyana, bayan kamar wata uku a gwada janye shi a hankali. Sannan yana ƙara tsananta wata illa da ke zuwa a makare, bayan watanni ko shekaru: baki ya riƙa motsi kamar mai tauna goro alhali ba komai a ciki, leɓe na tsotsa, harshe na leƙowa yana komawa, yatsu na rawa. Da tsofaffin magunguna, kusan mutum 5 cikin 100 ke kamuwa da ita a kowace shekarar shan magani, tsofaffi kuma sun fi haka nesa ba kusa ba. Sau da yawa mai ita bai ma sani ba sai yara sun fara kwaikwayonsa. In an daɗe ba a gano ba tana iya zama har abada. Dubawarta ba ta cin ko kwabo: a zaunar da shi kan benci, hannu bisa gwiwa, ya buɗe baki a kalli harshe a kwance, ya fito da shi, ya riƙa taɓa babban yatsa da sauran yatsu ana kallon fuskarsa, ya tashi ya taka ya dawo. Minti biyar, duk wata shida.

Ranka ya daɗe, ba sai mun gaya maka zafin Sakkwato ba. Daga Maris zuwa Mayu awon zafi na haura 40, kuma yawancin masu shan maganin nan ba su da fanka balle abin sanyaya ɗaki. Chlorpromazine, wato Largactil, da amitriptyline da olanzapine da benzhexol duk suna rage wa jiki ikon fitar da zafi. Manomi ko ɗan acaba ko mai tura ruwa da ke kansu yana iya faɗuwa da bugun rana tun kafin abokan aikinsa su fara galabaita. Largactil kuma na sa fata ta ƙone a rana, yana kawo jiri in an miƙe da sauri, shi ya sa muke cewa mai tashi asuba ya fara zama bakin gado minti ɗaya kafin ya tsaya. Malfa, riga mai dogon hannu, aikin ƙarfi da sassafe ko da yamma, ruwa a kusa. Shi kansa maganin kar a aje shi kan taga ko saman bango ƙarƙashin kwano, yawancinsu an yi su ne don a adana ƙasa da awo 30.

Cikin wannan zafin ne kuma ake kuskuren da ke kashewa. Mai shan maganin taɓin hankali ya zo da zazzaɓi mai ƙarfi, jiki ya sandare ƙam kamar icce, gumi na zuba, hankali ya gushe, bugun zuciya na gudu. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau suka zama ruwan dare, sai a yi masa allurar zazzaɓi a ce ya ci gaba da ƙwayoyinsa. Wannan na iya zama mummunan martanin jiki ga maganin kansa. Ba ya yawan faruwa, amma yana lalata ƙoda, yana kisa cikin kwanaki. Muna roƙon a rubuta ƙa'ida ɗaya a manna a bangon kowane ƙaramin asibiti: zazzaɓi da sandarewa da rikicewa ga mai shan waɗannan magunguna, a tsayar da maganin, a sanyaya jiki, a sa ruwa, a tura babban asibiti a ranar, ko da gwajin zazzaɓin cizon sauro ya nuna akwai.

Lithium magani ne mai kyau ƙwarai ga masu ciwon da ke hawa da sauka, wani lokaci zumuɗi da rashin barci da ɓarnar dukiya, wani lokaci damuwa mai nauyi. Sai dai tazarar da ke tsakanin warkarwarsa da gubarsa siririya ce. Ana son awonsa a jini ya zauna wajen 0.6 zuwa 0.8, daga 1.5 guba ta fara. Ana ɗibar jinin awa 12 bayan shan na ƙarshe, wato in ya sha ƙarfe tara na dare, a ɗiba ƙarfe tara na safe kafin ya sha wani. Jinin da aka ɗiba ba a kan wannan lokaci ba sakamakonsa ruɗi ne kawai. Ana yin awon duk wata uku a shekarar farko, sannan a duba ƙoda da ƙululun wuya mai kawo maƙoƙo duk wata shida. Ƙoda ce ke fitar da lithium, kuma tana bi da shi yadda take bi da gishiri: duk lokacin da jiki ya rasa ruwa da gishiri, sai ƙoda ta riƙe shi ya taru. Don haka gumi mai yawa, da amai da gudawa na damina, da daina cin gishiri kwatsam saboda an ce yana da hawan jini, duk hanyoyin guba ne. Haka ibuprofen da diclofenac da piroxicam, waɗanda ake haɗa wa mai ciwon jiki a kemis ba tambaya, da magungunan hawan jini masu sa fitsari, da lisinopril. Paracetamol ba shi da wannan matsala. Alamomin gubar su ne karkarwa mai ƙarfi, tangaɗi kamar mai maye, harshe ya yi nauyi, amai, gudawa, yawan barci. A tsayar, a tafi asibiti. Ra'ayinmu a fili yake: inda ba a iya yin awon nan, kar a fara lithium. Amma jiha mai ƙananan hukumomi 23 ta cancanci a ce ana karɓar jinin a manyan asibitocin shiyya a aika da shi, maimakon kowa ya nufo birni.

Azumi kuma kowace shekara yana zuwa, kuma masu shan magani suna son su yi shi kamar kowa, bai kamata a wulaƙanta wannan niyya ba. Lokacin tsara shi Sha'aban ne. Maganin da ake sha sau ɗaya da dare ba shi da wuya, sai a mai da shi bayan tarawihi. Na sau biyu a raba tsakanin sahur da buɗa-baki. Abin da muke hanawa shi ne a tara na yini duka a haɗiye lokaci guda da shan ruwa; nan ne ake samun jiri da faɗuwa a sahu. Mai lithium a shekarun da azumi ya faɗo cikin bazara, yini guda ba ruwa, yana cikin haɗari na gaske, kuma raguwar barci ita kaɗai ta isa ta tayar da ciwon zumuɗi. Allah Ya yi wa maras lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185. Amma majiyyaci ya fi karɓar wannan daga bakin malaminsa a kan bakin nas. Muna roƙon ma'aikatarka ta zauna da malamai da limaman Juma'a kafin watan ya kama, a yi wa mutane bayani da murya ɗaya, har da hukuncin allurar tsoka, wadda malamai da yawa suka tafi a kan ba ta karya azumi.

Sababbin magunguna, musamman olanzapine da clozapine, sun rage karkarwa da sandarewa, sai suka zo da tasu. Suna buɗe ciki. Mutum ya ci tuwo ya ƙoshi, kafin awa guda yana neman fura, da dare ya tashi neman abin da ya rage a tukunya. A wurinmu ƙiba alamar samun sauƙi ce, dangi na murna suna cewa ya murmure, ba su san ciwon suga na tafe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna masu tsananin lalurar ƙwaƙwalwa na mutuwa shekara 10 zuwa 20 kafin sauran mutane, galibi da cututtukan jiki irin na zuciya da suga waɗanda ake iya tarewa. Ƙibar ta fi gudu a makonnin farko, don haka a auna nauyi ranar farawa, a riƙa aunawa duk mako har mako shida, sai a wata uku, sai duk shekara. Suga da hawan jini da faɗin ƙugu, ranar farawa, wata uku, sannan shekara-shekara. Ƙarin kashi 7 cikin 100 na nauyi, wato kamar kilo 4 ga mai kilo 60, ya isa a koma wa likita. Suga kafin karin kumallo da ya kai 126, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, sai a maimaita a tabbatar. Shawarar abinci kuma a ba da ita da abin da ke cikin gidan: a rage sukari a shayi da kunu da fura, a bar lemon kwalba, a rage malmala a ƙara miya, a ci zogale da rama da wake, a taka da ƙafa rabin awa bayan asuba kafin rana ta yi. Likita na iya ƙara metformin, maganin suga, ko ya sauya magani. Mai shan sigari kuma da ya yi niyyar bari, madalla, amma ya faɗa, domin hayaƙin taba na sa hanta ta ƙone olanzapine da clozapine da sauri. Yana bari sai maganin ya taru, ya riƙa barci kamar an ƙara masa.

Clozapine ba na ƙaramin asibiti ba ne, amma ma'aikacin can ya san abu uku. Zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro na nufin a auna fararen ƙwayoyin jini a ranar. Kwana biyu zuwa uku ba bayan gida, tare da kumburin ciki, na iya zama hanji ne ya tsaya. Wanda kuma ya yi fiye da awa 48 bai sha ba, ba ya komawa kan adadinsa na da, daga ƙasa ake sake farawa.

Mata suna ɗauke da kaso mafi nauyi, kuma su ne ba sa faɗa. Risperidone da haloperidol da Modecate suna ɗaga sinadarin da ke kawo ruwan nono. Budurwa ko bazawara sai al'adarta ta ɗauke wata uku, nono ya fara ɗiga. Ka san abin da za a ce a gidan, da abin da zai biyo baya, alhali yarinyar ba ta aikata komai ba. Matar aure kuma ta ɗauka tunda ba ta ganin jini ba za ta yi ciki ba, wanda ba haka ba ne. Namiji ma yana samun raunin gaba, ba zai gaya wa kowa ba, sai ya ajiye magani ya nufi mai maganin gargajiya. Sai ma'aikaci ya tambaya da kansa, a keɓe, mace ta tambayi mace. Sodium valproate, wato Epilim, maganin farfaɗiya da ciwon da ke hawa da sauka, shi ne ya fi tayar mana da hankali: kusan jariri 1 cikin 10 da aka yi cikinsa a kansa na zuwa da naƙasa, 3 zuwa 4 cikin 10 kuma na samun matsalar koyo da girma. A inda ake aure da wuri ana haihuwa kusa-kusa, bai kamata a ɗora mace mai shekarun haihuwa a kansa ba sai in babu makawa, da cikakken bayani gare ta da mijinta. Wadda ta riga ta samu ciki a kansa kar ta daina shan sa da kanta, ta ga likita cikin makon. Carbamazepine, wato Tegretol, yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a damtse, amma bai taɓa allurar wata uku ko robar mahaifa ba. Yana kuma rage ƙarfin Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro. Ƙuraje da zazzaɓi da gyambon baki a wata biyun farko na shansa kuwa, a tsayar nan take, fata na iya saɓulewa.

Magungunan ciwon damuwa sai sun yi mako biyu zuwa huɗu kafin a ji aikinsu, a ci gaba da su aƙalla wata shida bayan an warke. Amitriptyline in an sha da yawa yana tsayar da zuciya, don haka wanda ke maganar mutuwa ba a damƙa masa na wata guda a hannu. Wani babba a gidan ya kulle a akwati ya riƙa ba shi na ranar. Tramadol a kan fluoxetine ko sertraline ko amitriptyline na iya kawo jijjiga da zafin jiki mai haɗari, ga shi kuma ba ya wuyar samu.

Duk wanda ya gaji da magani yana da haƙƙin ya faɗa a saurare shi. Sau da yawa akwai abin yi: a rage, a mai da shi dare, a sauya. Wasu ma ana iya janye musu gaba ɗaya, a hankali cikin watanni, ana lura. Yankewa rana ɗaya ita ke dawo da ciwo, daga nan sai ɗaki da kwaɗo, wani har mari. Kuma yankewar ba kullum ganganci ba ce. Mutumin Isa ko Sabon Birni da hanya ta zame masa abin tsoro, ko na Kebbe ko Gudu da kuɗin mota ya fi kuɗin allurar, ranar asibitinsa na wucewa yana ji yana gani.

Tun 1991 manufar ƙasa ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan lafiya a matakin farko. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana da tsarin mhGAP tun 2008, wanda aka yi shi musamman don horar da ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba. Abin da muke roƙo, ranka ya daɗe, a horar da aƙalla mutum biyu a kowace ƙaramar hukuma, ɗaya mace, a ba su sikeli da tef da na'urar hawan jini da ta suga da tsinkayenta, da promethazine da benzhexol a kulle. A ba su ikon yin allurar wata-wata bisa takardar likita, da lambar wayar da za su kira ƙwararre. A sa magungunan nan da awon jininsu cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, kuma a daina barin su suna yankewa a sito. A kira masu kemis su ma a koya musu tambaya ɗaya kafin su miƙa maganin ciwon jiki ko na zazzaɓi: "Akwai wani magani da kake sha kullum?"

Sai kati. Ƙarami, mai shiga aljihu, da Hausar boko da ajami. A gabansa sunan magani da adadi da ranar allura ta gaba da layukan rubuta nauyi da suga. A bayansa alamomin da ke cewa a tafi asibiti yau: zazzaɓi da sandarewa, tangaɗi da karkarwa mai ƙarfi, ƙuraje da gyambon baki, wahalar numfashi, tunanin kashe kai. A shirye muke mu rubuta shi, mu kuma zo horarwar, duk ranar da ma'aikatarka ta kira mu.

Allah Ya taimake ka, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa a Sakkwato.